Takardar Haihuwar Inna

Mutanen Jambutu sun ɗauka tsoro ne ya hana Inna kai ƙarar maƙwabcin da ya ja katanga cikin filin marigayi Baba. Ƙarya ne. Ni na raka ta kotu.

Magatakarda ya ce, "Hajiya, katin shaidarki fa?"

Ba ta da shi, don ba a yi mata takardar haihuwa a Kolofata ta ƙasar Kamaru, inda aka haife ta, ba. Takardar kuma sai kotun can ta bayar, idan akwai shaidun haihuwarta.

Inna ta ce, "Ɗana, wasu sun mutu, saura sun gudu."

Muka dawo, katanga ta ƙara tsawo. Na yanke shawarar bin 'yan gudun hijirar Kolofata da tambaya, ko akwai tsohuwar da ta ci tuwon sunan Inna.