Hajiya Rabi da Shayin Rage Ƙiba

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Rabi ta shigo likitarmu, wato ɗan asibitinmu na Madarunfa, tana fifita da gefen gyale ba. Bazara ce, ni kuma ina ɗakin awo. Aikina in auna nauyi da tansiyon, wato hawan jini, sannan in tura mutum wurin majo, babban ma'aikacin jinya da ke shugabantar wurin.

Hajiya ƴar kasuwa ce, atamfa take sarowa daga Najeriya, ta ɗan haura hamsin. Bagobira ce, ni Bazabarma, ga wasan taubasai tsakaninmu. Tun daga ƙofa ta ce, "Ke baiwata, tashi ki ba uwargijiyarki kujera."

Na ce, "Sai kin hau ma'auni, Hajiya. Amma ki hau a hankali, guda ɗaya gwamnati ta ba mu."

Ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Da ta sauko sai ta rage murya ta ce allurar rage ƙiba ta zo nema. Na yi mamaki, domin a garinmu maganin ƙara jiki aka fi tambaya.

Da na bi ta da tambaya, sai zance ya fito. Ta daɗe da ciwon gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita. Likita a Maraɗi ya ɗora ta kan wasu ƙwayoyi masu kwantar da kumburi, sai dai suna sa ci da kumburin fuska. Ana cikin haka al'ada ta ɗauke mata, zafi na taso mata kamar an hura garwashi a ƙirji, jiki kuma sai ƙaruwa yake. Ganin haka ta watsar da ƙwayoyin, ta sayo wani shayin rage ƙiba a kasuwar ƙetaren iyaka. Shayin bai rage komai ba sai tazarar da ke tsakaninta da bayan gida.

Na ce, "Hajiya, wa kike son burgewa ne? Alhaji ya yi ƙorafi?"

Ta ce, "Alhaji? Shi da cewa yake ni ce shaidar arzikinsa." Sai ta dubi yatsunta da suka kumbura. "Ɗiyata, rabona da in kai goshina ƙasa tun azumin bara. Bisa kujera nake salla. Jikata ta tambaye ni ko fushi nake da tabarma."

Nan wasa ya tsaya. Na shiga wurin majo na faɗa masa. Ya ce, "Irin waɗannan ƙwayoyi ba a yanke su rana ɗaya, suna iya kayar da mutum. Wannan ya fi ƙarfinmu, a mai da ta Maraɗi gobe." Aka yi mata awon jini a can, likita ya mai da ta kan magani, yana rage shi sannu a hankali, ya haɗa mata da wani. Batun abinci da motsa jiki kuma ya bar mana.

To a nan na san da ƴar kasuwa nake. Na ce a cire sukari daga fura, ta ce a dai rage. Na ce tuwo malmala ɗaya, ta ce, "Albarka! Ɗaya da rabi." Na ce a bar lemon kwalba, ta ce har ranar suna? Muka daidaita kan zogale da wake da kifin tafki, gasasshe ba soyayye ba, da ɗan tattaki da sanyin safiya idan gwiwa ta yarda.

Abin bai tafi sumul ba. Da babbar salla ta mai da rabin abin da ta rage, ta rantse ma'auninmu ne ya lalace. Bayan ta fara faɗawa kuma, maƙwabta suka riƙa zuwa yi mata jaje, wai ko kwastan sun kama mata kaya. Kafin kaka dai ta fara sujada, ko da yake tashi sai ta dafa bango.

Wata Litinin na ɗaga kai, sai ga ta da mata tsaranta cike da benci, har da wata daga ƙauyen Safo. Kowacce da zafin da ke taso mata, da rashin barci, ba wadda ta taɓa gaya wa ma'aikacin lafiya. Ɗaya ta ce, "Mun ɗauka nan wurin masu ciki da masu goyo ne."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ku da kuka fara aikin jinya yanzu, ku sani mace ba ta gama da mu don ta gama haihuwa. Kuma idan ta nemi abin da ya ba ku dariya, ku yi dariyarku tare da ita, amma ku tambaye ta dalili kafin ta ɗaura gyale ta fita.