Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

Da sassafe Inna ta tsame 'ya'yan anzar daji da ta jiƙa kwana uku, ta ɗanɗana, ta ce da sauran ɗaci amma za ta ciwu. Shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi mu a ƙauyenmu, arewa da Tebaram, zamanin mulkin soja. Mu bakwai ne a gida: Baba, Inna, da mu 'ya'ya biyar. Ni ce ta uku. Dami biyu na gero ya rage a rumbu. Iri ne. Baba ya ce ko yunwa za ta kashe mu, ba mai taɓa shi.

Da hantsi muka ji ƙarar mota. Mun ɗauka taimakon abinci ne, wallahi har murna muka yi. Ta tsaya bakin rijiya. Mutum tara ko goma suka diro da bindigogi, wasu da kaki, wasu fuska naɗe. Har yau ban san ko su wane ne ba, kuma ban yafe ba.

Harbi biyu a sama. Jakuna suka tsinke igiya.

"Ku hito! Ku buɗe rumbuna!"

Maƙwabcinmu ya ƙi, suka cinna wa nasa wuta. Baba ya saɓa autarmu, ya tura mu ta bayan danga.

"Ku bi kwari! Kar wanda ya tsaya!"

Muna tsakiyar gona na waiga. Yayana Isaka, babbanmu, ya juya da gudu. Irin ya koma ɗaukowa. Bai ga mutumin da ke tsaye bayan rumbun ba. Mu mun gan shi.

Isaka ɗan farin Inna ne, kuma a wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara goma sha bakwai bakinta bai taɓa furta shi ba.

"Kai! Kai wancan! Kai yaro!"

Haka ta yi ta yi. Gari duk ihu, kowa "kai" ne. Bai waigo ba. Baba ya yi nisa, ni kuma tsoro ya ɗaure mini harshe. Harbi ɗaya muka ji. Ya faɗi da damin a ƙirji.

Muka kwanta cikin kwari har azahar, hayaƙi na bi ta kanmu. Da la'asar motar ta tafi. Baba da sauran maza suka koma suka binne mutum uku, har da Isaka. Rumbunmu ya zama toka.

Kwana huɗu muka yi a ƙafa zuwa Tawa. Inna ba ta yi kuka ba. Na ji haushinta a hanyar nan, ba zan ɓoye ba, na ji haushin kaina ma.

An tara mu bayan kasuwar dabbobi tare da masu gudun yunwa. Mai rabon hatsi ya tambayi Inna 'ya'yanta nawa. Ta ce biyar. Ya dube mu, ya ga huɗu.

"Ina gudan? Mi sunanai?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan a hankali ta ce, "Isaka."

Mutumin ya ɗaga murya ya kira sunan cikin taro, sau uku. Ya ɗan jira. Sai ya auna mana rabon mutum shida.