Ɗankanwa, Dokin Mutum Uku

A ƙauyukan da ke tsakanin Tsanyawa da Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin dangar wani, har yau in aka ambaci Nababa sai tsofaffi su ce, "Wanne? Nababa mai doki?" Alhali doki ɗaya tak ya taɓa ɗaurewa a rayuwarsa, shi ma ba nasa ba ne shi kaɗai.

Nababa ɗan siririn mutum ne, gajere, ba shi da yawan magana. Gonar da ya gada ba ta taka kara ta karya ba: gero da dawa da gyaɗa, sai ɗan wake a tsakanin kunya. Yana saurayi ya je cin rani birnin Kano, ya faɗa bargar wani attajirin gyaɗa, yana yankan ciyawa yana share turke. A can ya koyi hawa, a can kuma son doki ya shige shi har ɓargo. Ya dawo gida ya auri Rahmatu, suka hayayyafa, amma ko yana tsakiyar noma ya jiyo haniniya daga nesa sai ya saki fartanya ya miƙe tsaye.

Wata ranar kasuwar Tsanyawa ya tarar da mutane sun kewaye rumfar Malam Kashim. Shi wannan Kashim Babarbare ne, iyayensa sun daɗe da zama a unguwar Bacirawa ta Kano, sana'arsa fataucin kanwa daga gabas. A bayan buhunan kanwarsa ga wani duƙushi ja, mai farin goshi, duk haƙarƙari a waje. Ya ce a hanya ya same shi, uwar ta mutu. Masu kallo suna ta cewa ba zai yi rai ba. Nababa ya matso kusa. Ya durƙusa ya shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya duba faɗin ƙirjin, ya daɗe yana kallon hancin.

"Malam Kashim," ya ce, "wannan ɗan in ya ci ya ƙoshi, iska ma sai ta yi da gaske."

Kashim ya yi dariya. "Ni kanwa na sani, ban san doki ba. Ba ni da turke, ba ni da lokaci. In za ka riƙe shi, mu yi tarayya."

Riƙon doki ba wasa ba ne, Nababa kuwa ya san rumbunsa. Sai ya nufi gidan yayarsa Hure. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara maza da gona, tana kuma soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai. Harawa da dusa ba sa yanke mata. Ta saurare shi har ya gama.

"Kai dai tun kana yaro karan dawa kake hawa kana cewa doki," ta ce. "To, na ji. Ragunan nan biyu da nake kiwo, a kai wa Kashim, su ne rabona. Harawa kuma ka zo ka ɗiba."

A gaban liman aka ƙulla magana: doki na mutum uku ne, abin da ya samo na ukun ne, kuma ba mai sayar da shi sai da yardar kowa. Tun da a bayan kanwa ya zo, yaran gari suka laƙaba masa Ɗankanwa, sunan ya bi shi.

Ya ci ya murje. Gashinsa ya kwanta yana sheƙi, wuyansa ya cika. Nababa ya saba masa da ragama, sannan linzami, sannan sirdi, bai taɓa ɗaga masa bulala ba. Da ya isa hawa, aka kai shi sukuwar da samari ke yi bayan kaka a wata busasshiyar fadama kusa da Tsanyawa. Aka jera dawaki, makaɗa suka saki kalangu. Ɗankanwa bai taɓa jin kiɗa a kusa da kunnensa ba. Ya zabura ya bar hanya, ya keta cikin gonar wani, ya watsar da Nababa a kan tarin kara. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Da labari ya kai wa Hure sai ta ce, "Oho, ashe ragunana ne suka shiga gonar mutane."

Nababa bai yi fushi ba. Ya je ya roƙi wani makaɗin mahauta ya riƙa zuwa bakin turke da la'asar yana kiɗa. Da farko dokin har tsinke igiya yake yi. A hankali ya zamana ana kiɗa yana cin harawarsa, ko kunne ba ya kaɗawa. Da kaka ta zagayo aka kai shi Makoda. Ranar nan Nababa ya kwanta a wuyansa ya sakar masa linzami, bai ƙara jin kofaton kowa a kusa da shi ba sai da ya wuce tuta. Aka ba su turmin atamfa da bargo. Atamfar ta tafi gidan Hure, Kashim ya ɗauki bargon, Nababa ya ce shi abin da ya gani ya ishe shi. Suka sake cin wata sukuwar kafin rani ya ƙare, sunan Ɗankanwa ya fara zaga kasuwanni.

Daga nan sama ta juya wa ƙasa baya.

Damina ta zo da ruwa ɗaya mai ƙarfi, kowa ya yi shuka, sai ta ɗauke. Shuka ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Geron da ya tsira bai yi kai ba, gyaɗa kuwa ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. Mutane suka ce shekara ɗaya ce, za ta wuce. Ta bayanta ta zo ta fi ta muni. Rijiyoyi suka ja baya har guga na dawowa da laka. Fulani suka riƙa wucewa da shanu suna faɗuwa a hanya. Hure ta kife kaskon suyarta, don babu gyaɗar da za a matsa.

Nababa ya shiga hawa bishiyoyi yana kakkaɓo 'ya'yan gawo, yana tonon saiwar ciyawa yana kakkaɓe ƙasar. Wata safiya ya shiga ɗaki zai ɗebi dusa, Rahmatu ta dafe bakin ƙwaryar.

"Malam, wannan ita zan tuƙa wa yara yau."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Bai san abin ya kai nan ba, ko kuwa ya sani ya ƙi gani. Ya juya ya fita. Dokin ya hango shi ya yi ƙaramar haniniyar da yake yi in ya ga abinci tafe, Nababa ya kau da kai.

A cikin wannan hali Kashim ya zo. Shi ma kasuwa ta tsaya masa, don mai dabba ke sayen kanwa, dabbobin kuwa suna ƙarewa. Ya ce akwai tsere a filin sukuwa na Kano, kuma ya samo musu shiga ajin ƙananan dawaki. A can manyan masu dawaki ke zama. In dokin ya nuna kansa, wani zai taya.

Da ƙafa Nababa ya ja shi har birni, don kada ya gajiyar da shi. A can ya ga dawakin da za su kara da su: ƙosassu, an goge su sai ƙyalli suke, kowanne da masu hidimarsa. Nasa kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Wani ya tambaya ko na ɗaukar kaya ne ya ɓato hanya. Aka sake su. Ɗankanwa ya fita kamar an harba kibiya, ya riƙe gaba har kwanar ƙarshe. A nan Nababa ya ji numfashinsa ya sauya, ya ji ƙarfin na zubewa a ƙarƙashinsa. Yunwa ce ta karɓi nata. Doki ɗaya ya wuce su, wani ya sake wucewa. Suka zo na uku.

Duk da haka masu ido sun gani. Kafin a sauke sirdi wani mai dawaki, Alhaji Tasi'u, ya aiko a kira su. Ya ce dokin da ya yi wannan gudu da cikin wofi, in ya ƙoshi ba a san inda zai tsaya ba. Ya san halin da ƙauye ke ciki, saboda haka da hatsi zai biya, dawar da za ta kai gidajen nan uku har wata kakar. Kashim ya amsa nan take. Nababa ya ce sai an shawarci ta ukunsu.

A tsakar gidan Hure suka zauna. Ta rame har atamfar nan ta Makoda tana zagaye ta sau biyu.

"Wannan ai ba abin shawara ba ne," ta ce. "Allah ne ya dube mu. A kai masa."

Nababa yana ta zane a ƙasa da tsinke. "Yaya, akwai wani tseren nan gaba kaɗan. In ya ci na ɗaya, abin da za a ba mu sai ya ninka."

"Da me zai ci na ɗayan?" in ji Kashim. "Da 'ya'yan gawo?"

"Na san dokina."

"Dokinmu," Kashim ya gyara masa.

Hure ta dubi ƙanenta. Ta san ba ninki yake nema ba. Shi ma ya san ta sani. Tun da Alhajin ya taya, ya ga wani zai riƙe wannan linzami, ya ji kamar ana zare masa wani abu a ƙirji.

"Nababa," ta ce a hankali, "yaran nan jiya da tafasa suka kwana, ba ko ƙuli a ciki. Amma an ce sai da yardar kowa. Ba zan kai ƙanena gaban liman a kan dabba ba. Ka yi yadda ka gani."

Ya ce tsere ɗaya kawai. Ya rantse.

Bai kai ga tseren ba. Yana motsa dokin da safe a fadamar nan da ya fara fita, wadda yanzu ta dare ta yi rami-rami saboda fari, sai ƙafar gaba ta faɗa cikin tsaga. Nababa ya ji ƙarar kafin ya ji faɗuwarsa. Da ya tashi ya tarar da Ɗankanwa tsaye a kan ƙafa uku, jikinsa na ɓari. Ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta tafi. Ya gasa da ruwan zafi, ya ɗaure, ya kira mai ɗori, ya yi duk abin da ya koya a barga. Kumburi ya sauka, ɗingishi bai tafi ba. Alhaji Tasi'u ya turo mutuminsa, ya zo ya sa aka ja dokin ya taka, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau motarsa.

Kashim ya zo daga baya. Nababa ya shirya wa zagi, har so yake a zage shi. Amma Kashim a bakin zaure ya tsaya, ko tabarma bai hau ba.

"Malam Nababa, na bar maka rabona duniya da lahira. Yanzu ya zama dokinka."

Bai ƙara taka garin ba.

Hure ba ta ce ta bar nata ba, ba ta kuma ce a ba ta ba. Da rumbunta ya ƙare ƙaf, ta ɗaure 'yan komatsanta ta tasa yaranta gaba suka bi masu tafiya birni. Nababa ya raka su bakin titi yana ɗauke da tabarmarta. Mota ta zo suka shiga. A Bacirawa ta sami ɗaki, tana yi wa matan gari surfe da wanki, yaran suna dako a kasuwa. Ƙaramin cikinsu bai ga daminar da ta biyo ba. Ƙyanda ta same shi a kan yunwa.

Gidan Nababa sun fita da rai, da ganye da rogo da abin da Rahmatu ta samo daga danginta. Dokin ma ya rayu, abin da ya ba kowa mamaki. Da ruwa ya dawo aka koma gona, sai ga Ɗankanwa da mangala a baya yana kai taki, yana ɗingisawa a bayan jakuna. In aka yi kiɗan biki a gari yakan ɗaga kai ya miƙe kunnuwa, sai Nababa ya ja shi ya mayar bayan gida. Ya daina zuwa kallon sukuwa. In matasa suka zo tambayarsa yadda ake horar da duƙushi, yakan gaya musu abin da ya sani a taƙaice, ya koma kan aikinsa.

Gonar Hure shi ya ci gaba da nomawa. Kowace kaka yakan ɗaure abin da ta bayar ya kai mata Bacirawa da kansa, ko dami ɗaya ba ya ragewa. Takan karɓa ta yi godiya, ta tambayi Rahmatu da yara, ta tambayi wa ya mutu wa ya haihu. Ya sha roƙonta ta dawo gida, takan ce yara sun saba da nan. Zuwansa na ƙarshe ya same ta a kwance. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, maganar dokin nan..."

"Ka sha ruwa tukuna," ta ce, "ka sha hanya." Ta juya ta kira jikarta ta kawo masa fura. Bai sake samun bakin maganar ba.

A can aka binne ta. Dokin ya mutu bayanta da 'yan shekaru, da tsufansa, Nababa da maƙwabta suka ja shi bayan gari. 'Ya'yan Hure sun zama mutanen birni, ɗaya direba, ɗaya mai shagon hatsi. Da suka tashi gina gida suka zo suka sayar da gonar uwarsu ga wani maƙwabci. Nababa, wanda a lokacin gemunsa ya yi fari fat, shi ya zaga da mai sayen ya nuna masa iyaka.