Ɗakin Ubana Mai Bango Uku

Ni ne wawan wannan labari, kada wani ya riga ni faɗa. Wata Laraba bayan Sallar layya ta bara aka tara mu a ƙofar tsohon gidan yari na unguwarmu a Gwandu. Wasu masu manyan riguna suka ce za a rushe shi a yi shaguna da wurin koyon sana'a, mu ma mu waye kamar yadda Kalgo ta waye da zuwan jami'a. Ni da na yi aji uku kafin kiwon awaki ya ɗauke ni, na miƙe da ilimina gaba ɗaya na ce a rushe katangar kunya. Na fi kowa tafi.

Abin da ilimin nawa ya manta shi ne yadda aka gina unguwar. Iyayenmu masu jakai ne da 'yan ga-ruwa, da matan da suka biyo mazajensu ɗaurarru suka zauna. Ba mai ƙarfin bango huɗu. Sai mutum ya tayar da uku na laka, ya jingina su da katangar gidan yari, ya ɗora azara, ɗaki ya samu. Baba yakan ce, "Hukuma ta ara mana bango ɗaya, kada ku kankare mata shi." A jikin katangar nan na koyi tsayuwa. A inuwarta muka yi langa, Inna na shanya kuɓewa a gindinta. In na kara kunne nakan ji fursunoni na daka suna waƙa, kuma in ƙwallon tsummanmu ya faɗa ciki wani zai jefo mana, wani lokaci har da zagi kyauta. Da damina ɗakunan mutane na zubewa, namu ko gezau. Amma a makaranta yaran cikin gari "'yan bayan yari" suke kiranmu, wannan suna ya ci mini rai har tsufa.

Masu awon fili suka zo, suka auna daga cikin gidan yarin. Ko mutum ɗaya bai zagayo ya ga abin da ke jingine a baya ba, ko ɗaya! Katafila ta tura katanga, ɗakunan layinmu suka buɗe kamar an yaye wa mutum zane a kasuwa. Tukwanen mata, gadon tsofaffi, komai a idon duniya. Wai raya unguwa. Shagunan suna nan da fenti da kwaɗo, ba ɗan unguwa da ya samu ko ɗaya. A da hukuma na ɗaure mutane ta rufa mana asiri, yau ta zo taimakonmu ta bar mu a fili.

Shekaranjiya hadari ya haɗu, ina ta kokawa da zanar da muka kafa a gurbin bangon, ina zagin masu manyan riguna ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗakina Kulu ta ɗago daga kwashe kayanta ta ce, "Malam, bar zagin nan. Kai ka tafa musu. Juya bayanka ka tsaya nan ka zama bangon, ruwa na tahowa."