Kuɗin da Ke Fita daga Asusun Kawu da Dogo

Kawuna gyaran kujerun kushin yake yi. Idan ka shiga shagonsa, warin gam ne zai fara tarbarka, sai tarin soso da aka jingine har rufi, sai kujeru a kife, ƙafafunsu a sama, cikinsu a buɗe. Shi yana daga ƙofa da guduma da almakashi. Can ciki, kusa da taga, abokin aikinsa Dogo yana kan keken ɗinki.

Tun suna samari suka haɗu a wurin maigidan da ya koya musu aiki. Kawu ya ƙware a katako da ɗaurin soso, Dogo ya ƙware a yanka yadi da ɗinki. Da aka yaye su, kowa ya ga rabin sana'a ce a hannunsa, sai suka kama shago ɗaya. Yau duk sun yi furfura. Dogo yana kiran Kawu da Tsoho, alhali 'yan watanni ne tsakaninsu, Kawu kuma yana cewa ba don tsawo ba da tuni an manta da Dogo a duniya.

Asusun banki ɗaya suke da shi na shago, kuma alat, wato saƙon shiga da fitar kuɗi, yana shiga wayar kowannensu. Ba su taɓa rubuta wata doka ba. Abin da suka saba shi ne, duk wanda zai taɓa kuɗin shago sai ya faɗa da bakinsa, da safe, wajen shan shayi. "Zan ɗauki na ƙusa." "Zan ɗauki na makarantar yarinya, in mayar ƙarshen wata." Ɗayan ya ce to, magana ta ƙare.

Nakan biya ta shagon idan na tashi daga aiki, in zauna a kan wata kujera da mai ita bai dawo ɗauka ba. Hayaniyarsu nake zuwa ji. Sai wani lokaci na lura shagon ya yi tsit. Guduma na bugu, keke na gudu, amma ba mai tsokanar wani. Da Dogo ya fita sayen zare, na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya daɗe yana cire ƙusa daga jikin wani katako kafin ya miƙo mini wayarsa.

"Duba nan, ɗana."

Alat ne na cirar kuɗi. Kuɗin ba su fi na yadi biyu ba. A wurin suna kuma wasu haruffan boko ne a cunkushe da lambobi, ba su yi kama da sunan mutum ba, ba su yi kama da sunan kanti ba. Ya ja saƙon sama, ga wani irinsa na watan da ya wuce, ga na wanda ya gabace shi.

"Ni dai ban cira ba," in ji shi. "Mu biyu ne kuma ke da lambar katin."

"Ka tambaye shi?"

"In ce masa me? Matarsa na kwance, magani kullum ƙara tsada yake. In yana sayen maganin ta waya, ai kuɗinsa ne. Amma ya faɗa mini mana. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, yau ni ne zai ɓoye wa?"

Na ce ko dai a je banki a tambaya. Ya girgiza kai. A ganinsa zuwa banki a bayan idon Dogo daidai yake da kai shi ƙara. Na ga ba shawara yake nema ba, wanda zai ji yake nema.

Abin ya ci gaba da cinsa. Inna, matar Kawu, ta gaya mini har ya je ya duba wata 'yar rumfa a bayan tashar mota, wai ko zai koma can shi kaɗai.

"Na ce masa, Malam, kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya ɗinkewa, wa zai ɗinka maka rigar kujera? Ka buɗe baki ka tambayi mutumin nan. Ya ce ba zai tozarta shi ba. Na ce to, raba shago da shi ba tozarci ba ne?"

Ana cikin haka wata makaranta ta nemi su gyara mata kujerun ɗakin malamai da na ofis. Aiki ne babba. Sai dai makarantar ta ce a kawo takardar bayanin asusun shago daga banki kafin a ba su. Asusun kuwa na mutum biyu ne, dole su je tare su sa hannu. Sauran labarin daga bakin su biyun na ji, kowa yana gyara wa ɗan'uwansa.

Sun bi layi har aka zo kansu. Ma'aikaciyar da ke kan kanta, wata mai fara'a, ta buga musu takardar ta miƙo. Kawu ya karɓa ya ninke da sauri ba tare da ya duba ba. Dogo kuma ya mai da ido kan fankar da ke rufi.

"Baba, akwai wani abu kuma?" in ji ta.

Kawu ya ce babu. Dogo ma ya ce babu. Amma ba wanda ya motsa daga gaban kantar. Mutumin da ke bayansu ya yi gyaran murya.

Dogo ne ya fara karaya. Ya juyo ya ce a hankali, "Tsoho, ni dai ba na so malaman nan su ga abin da ke takardar su yi ta tambaya. In littattafan 'yarka kake saya ta waya, ka ce na littattafai ne, a wuce wurin."

Kawu ya buɗe baki. "Littattafan wa? Ba maganin matarka ba ne?"

"Maganin matata? Ni da nake zuwa kemis da ƙafata?"

Ma'aikaciyar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta danne dariyarta. Ta ce su zagayo ta gefe, ta sa aka kawo musu kujeru. Ta warware takardar, ta ɗora biro a kan layin.

"Kun taɓa sayen wani abu a kasuwar intanet da katin nan?"

Sun taɓa, sau ɗaya tak. Bindigar da suke harba ƙusa a katako da ita ce ta mutu, aka nema a gari aka rasa irinta, wani mai kujera ya sa musu manhajar kasuwa a wayar Kawu ya nuna musu yadda ake oda. Amma wannan an biya, an kawo, an gama, har bindigar ta fara tsufa. Kuma sunan kasuwar ba shi ne a takardar ba.

"Sau da yawa haka yake zuwa," in ji ta. "Sunan da kuke gani a waya daban, wanda ke fitowa a takardar banki daban. Wani lokaci sunan kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ne, wani lokaci an taƙaita shi ne har ba a gane shi. Kada ku tsaya kan suna kawai. Ku dubi ranar da adadin, ku gwada da abin da ke cikin manhajar. Kun ga waɗannan? Adadi ɗaya, kusan rana ɗaya a kowane wata. Wanda ke sayen magani ko littafi ba ya sayen na kuɗi ɗaya cif kullum. Wannan ya fi kama da rajistar da ake sabuntawa. Baba, buɗe mu gani. In ba mu same shi a ciki ba, sai mu rufe katin yanzu, ku shigar da ƙorafi."

A nan aka zo ga yadda Kawu da Dogo ke amfani da waya. Yatsun Kawu sun yi kanta da gam da guduma, sau da yawa gilashin waya ba ya jin taɓinsu. Dogo kuma yatsunsa lafiya lau, amma idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, tabaraunsa na zaren allura ne kawai, in ji shi. Don haka Kawu ke riƙe waya yana karantawa, Dogo yana miƙo yatsa yana dannawa inda aka ce. Haka suka yi odar bindigar, haka kuma suka buɗe manhajar a gaban ma'aikaciyar, kai biyu a kan waya ɗaya.

Ta nuna musu inda ake ganin tsofaffin oda, sannan inda ake ganin rajista. Ga shi nan a rubuce. Ranar da suka sayi bindigar an yi musu tayin kawo kaya da gaggawa, watan farko kyauta, daga nan a riƙa cira duk wata har sai an ce a daina.

Kawu ya dafe kai. "Na tuna. Na ga an rubuta kyauta, na ce danna."

"Ka ji ko," in ji Dogo. "Kai ka karanta."

"Kai ka danna!"

"Na danna abin da mai ido ya ce. Rubutun da ke ƙasa fa, wa ya hana ka karantawa?"

"Kana ta cewa in yi sauri gam zai bushe!"

Ma'aikaciyar ta kasa riƙe dariya. Ta taya su soke rajistar, ta nuna musu inda za su rubuta wa kasuwar su nemi a mayar musu da wani abu, tunda ba su ƙara sayen komai ba. Ta ce ba ta yi musu alkawari ba, amma a gwada. Ta kuma cire katin daga manhajar, ta ce duk ranar da za su sake saye sai su sa shi da hannunsu.

"Kuma Baba," ta ce tana miƙa musu takardar, "in kun sake ganin abin da ba ku gane ba, ku zo a ranar. Tambaya kyauta ce, kuma tamu ba a cira a wata na biyu."

Da suka fito, rana ta take. Suka tsaya a inuwar wani kanti suna jiran mota. Kawu ya ce ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka, amma kunya ta hana shi duban Dogo.

"Wato wata da watanni kana kallona a matsayin mai ɗauka a ɓoye," in ji Dogo.

"Kai ma haka."

"Ni na ce ko kunyar faɗa mini kake ji. Yarinya a makarantar koyon jinya, ai na san nauyi ne."

"Ni ma abin da na ce ke nan." Kawu ya juyo. "To tsaya. In ba a asusu kake ɗauka ba, da me kake sayen maganin?"

Dogo ya ce Allah na rufa asiri. Kawu bai ɗauke ido ba. Da ƙyar Dogo ya faɗa cewa ya sayar da keken ɗinkin da ke gida, wanda yake ɗan yin aikin maƙwabta da shi, kuma maganin wannan watan rabi ya saya, ana ba matar tasa ƙwaya ɗaya maimakon biyu.

"Me ya hana ka ɗauka a na shago?"

"Alat ɗin da ake karanta mini ya nuna kana cira duk wata. Na ce in ni ma na sa hannu, me zai rage na soso?"

Kawu ya ce bai san lokacin da ya kama hannun rigar Dogo ba. Ya juya shi, suka koma wajen na'urar cirar kuɗi da ke jikin bankin. Ya sa katin, ya faɗi adadin da babbar murya har mai gadi ya waiwayo, ya ce Dogo ya danna. Da kuɗin suka fito ya cusa masa a aljihu.

"Wuce kemis. Daga can ka wuce gida, ka gaishe ta. Ni zan kai wa malamai takarda."

"Kujerar da mai asibiti ya kawo gyara fa? Yau na ce masa ya zo."

"Zan ƙarasa."

"Kai? A kan kekena?" Dogo ya riga ya fara tafiya, ya juyo yana nuna shi da yatsa. "Tsoho, ka ɗaura soso ka tsaya nan. In ka taɓa mini zare, wallahi sai ka biya. Ina dawowa kafin la'asar."