Rigar Kwamfuta Mai Taga Biyu

Akwai wani ƙamshi da har yau ban san sunansa ba. In kwamfuta ta jima tana aiki, ka kai fuskarka bayanta inda fanka ke huro iska, za ka ji shi: ɗumi-ɗumi, kamar dutsen guga da aka ajiye ya fara hucewa. Jiya da rana na ji shi a shagona ina haɗa wa wata ɗaliba tata kwamfutar, sai na tsinci kaina tsaye da sukudireba a hannu, ban ɗaure komai ba, ban kwance komai ba. Hankalina ya riga ya tafi Unguwar Rogo, ɗakin Kaka, cikin wata bazara da nake da shekara goma sha huɗu.

In ba ka taɓa yin bazara a Sakkwato ba, ban san yadda zan kwatanta maka ita ba. Tun hantsi bango ke ɗaukar zafi, zuwa azahar ko kaji ba su motsi, sai su lafe gindin randa baki buɗe. Akwai darbejiya guda a tsakar gidanmu, duk rayuwar gidan ƙarƙashinta take komawa. Nan Inna ke tsince shinkafa, nan ƙannena ke barci rashe-rashe bisa tabarma, nan Kaka, mahaifiyar Baba, ke zama da allura da zare. Riguna take ɗinkawa, amma ba na mutane ba. A ɗakinta duk abin da ke da daraja sai ta yi masa riga: rediyo na da tasa, filas ɗin shayi na da tasa, har fitilar ƙwai ba ta tsira ba. A wurinta barin abu tsirara wulaƙanci ne. Nakan kwanta kusa da ita ina kallon rana na ɗigowa ta tsakanin ganye, ina ganin haruffa na tafiya cikin hasken, har barci ya kwashe ni.

Haruffan nan a Kwalkwalawa na samo su. Kawu, ƙanin Inna, yana da ɗan shago can inda yake buga wa ɗaliban jami'a takardu, yana kuma gyaran kwamfutoci. Duk hutu sai na maƙale masa. Ranar da ya fara buɗe cikin kwamfuta a gabana, na ga wani koren allo mai siraran hanyoyi, sai na ga kamar gari ne aka hango daga sama, da unguwanninsa da lungunansa. Na tambaye shi ko mutum na iya haɗa tasa da hannunsa. Ya ce ƙwarai, in ya san abin da zai saya da abin da zai haƙura da shi. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Baba bai so zancen ba. Ma'aikacin gwamnati ne, mai son komai a kan tsari, kuma a ganinsa yawon Kwalkwalawa ya isa haka, ga karatu na jira. Kaka ce ta tsaya mini. Ta sa aka kai jar akuyarta kasuwa, wadda ta rena tun tana ƙarama, wadda ke cin dusa a tafin hannunta. Da Baba ya ga abin ya kai nan, sai ya kafa sharaɗi a gaban kowa. In na haɗa kwamfutar ta yi aiki a gabansa kafin hutu ya ƙare, zai bar ni da sha'awata. In ba ta yi ba, kayan su koma shagon Kawu, ni kuma in yi sallama da sukudireba. Baba ba ya magana biyu, kowa a gidan ya san da haka.

Ranar sayayya Kaka ta ce ƙafarta ƙafarmu. A rayuwarta ba ta taɓa yarda an sayo mata randa a bayan idonta ba. Sai ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa, ta kara kunne ta ji ko akwai tsaga. To abin da akuyarta ta saya ba za a zaɓe shi ba tana gida. Haka muka shiga layin masu kayan kwamfuta mu uku, ita a gaba da mayafinta, matasa na ta gaishe ta suna mamakin me tsohuwa ta zo nema.

Kusan komai na hannu muka ɗauka, don abin da ke ƙulle a bakin zanen Kaka ba zai kai ga sabo ba. Kawu ya sa ni na zaɓa da kaina, shi nasa tambaya. Koren allon nan da ake kira madabod, da ɗan ƙarfen da ke tunani, firosesa, dole su dace da juna kamar tukunya da murfinta, in ba haka ba an yi asara. Na juya madabod uku ina duba ko akwai wurin da ya ƙone ko ya kumbura kafin na tsayar da ɗaya. Muka ɗauki ƙaramar ma'ajiyar bayanai, Kawu ya ce ana ƙara ta daga baya. Abu guda ya hana a saya na hannu, shi ne akwatin da ke raba wuta, don ya ce wutar garinmu mai zuwa da fushi ce, in wannan ya yi rauni zai tafi da sauran duka. Na ji shi, na gyaɗa kai, amma idona na wani wuri.

Can saman kanta akwai wani gidan kwamfuta baƙi, gefensa gilashi, cikinsa wata shuɗiyar fitila na numfashi a hankali. Na tsaya ina kallonsa har na manta inda nake. Na gan shi a ɗakin Kaka yana haska bango, na ga ƙawayena sun cika ƙofa. In na ɗauke shi, ba sauran abin sayen ƙarin fanka, na sani, amma na ce shi nake so.

Kaka ta sa aka sauko da shi. Ta ƙwanƙwasa gefensa, ta kara kunne, ta taɓe baki. Ta juya shi gaba da baya, sannan ta dubi mai shagon.

"Ɗana, wanga abu ta ina shika shan iska?"

Ya nuna mata wasu 'yan ƙofofi a baya. Ta girgiza kai. A ƙasan kanta akwai wani tsoho, ruwan toka, irin na ofis, har da lotsawa a kusurwa. Ta ƙwanƙwasa shi ya amsa da nauyi, ta sa yatsa ta bi hujojin gabansa da na bayansa.

"Wanga za mu ɗauka, ƙawata, a ƙaro mai hwanka guda. Randar da ba ta shan iska ba ta sanyaya ruwa, ko an yi mata zane."

Kawu ya yi dariya ya ce ko malaman jami'a iyakar abin da za su faɗa ke nan. Ni kuwa haushi ya cika ni. Na ji kunyar mummunan akwatin nan kamar ni ce na lotse.

Da safe muka haɗa ta, kafin rana ta yi ƙarfi, bisa tabarmar ɗakin Kaka. Kawu ya zauna ya naɗe hannu, bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Na zaunar da firosesa, na ɗaure fankokin, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da na danna maɓalli sai fanka ta juya, aka ji wata 'yar ƙara guda, allo ya kawo haske. Kaka ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. A nan na fara kai fuskata bayanta na shaƙi ƙamshin nan. Baba ya yi tafiyar aiki a lokacin, aka ce sai Juma'a zai gani da idonsa, ranar ƙarshe ta hutu.

Duk kwanakin nan Kaka na ƙarƙashin darbejiya tana ɗinki, in na matso sai ta ɓoye a cinya. Ranar Juma'a da safe na shiga ɗakin na tarar da kwamfutata cikin riga. Farin yadi ne mai kauri, ninki biyu, an yi masa aikin zare ja da kore, furanni da 'yan tsuntsaye, ya zauna mata cif tun daga sama har ƙasa, da zariya a baya an tsuke. Ta bar wa wayoyi hanya, ta bar wa maɓalli ɗan rami, sauran duk a rufe. Ta ga yadda munin akwatin ya dame ni, shi ne ta kashe idonta kwana da kwanaki don ta faranta mini. Tana tsaye bakin ƙofa tana jiran in yi magana. Na ce ta yi kyau, kuma wallahi ta yi.

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya shigo da Kawu, rana na tsakiyar ƙuna. Ya miƙo mini wata wasiƙa ya ce in buga. Na fara, haruffa na fita tsaf, Baba na bayana yana gyaran murya irin ta wanda abu ya fara burge shi. Ina tsakiyar shafi allo ya yi baƙi. Ga wuta, fankar sama na juyawa. Na sake kunnawa, ban yi layi uku ba ta sake mutuwa.

Na san dalili. Kawu ma ya sani, na gani a yadda ya ƙura wa rufin ɗaki ido. Amma shi suruki ne a gidan, ba zai buɗe baki ya ce uwar mai gida ta yi kuskure ba. Ni kuma ta yaya zan faɗa a gaban ɗanta cewa rigar da ta ɗinka ce ke shaƙe ta, bayan ta sayar da akuyarta domina? Kalma ɗaya ce tsakanina da abin da nake so a duniya, na kasa furta ta. Baba ya fara naɗe wasiƙarsa, ni kuma na sunkuyar da kai hawaye na ɗiga kan yatsuna.

Sai Kaka ta taso. Ta durƙusa gaban kwamfutar, ta cusa hannu ƙarƙashin rigar, ta dafa ta da bayan hannu yadda take dafa goshinmu in muna zazzaɓi. Ta jima a haka. Sannan ta dube ni, ta dubi Kawu, na ga ta gane cewa duk mun sani mun yi shiru.

"Ashe ni na shaƙe ta," ta ce. "Ni da nic ce a sawo mai shan iska. Tsaya nan, kak ka tahi," ta ce da Baba. "Ƙawata, miƙo min almakashi."

Na ɗauka zare rigar za ta yi. A'a. Ta lalubi inda hujojin gaba suke, ta sa almakashi tsakiyar furen da ya fi kowane kyau, ta yanke shi ya faɗi ƙasa. Ta koma bayan kwamfutar ta yanke tsuntsaye biyu. Ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta ɗauki mafici ta yi wa kwamfutar fifita har ta huce, sannan ta ce in kunna. Na buga wasiƙar tun daga sallama har sa hannu, iska mai ɗumi na fita ta sabuwar tagar tana kaɗa zaren da ya zarzaro. Baba ya karanta a allo sau biyu, ya ce akwai waƙafi ɗaya da na bari, ya sa takalminsa ya fita. A bakin Baba wannan yabo ne, kuma bai sake hana ni zuwa Kwalkwalawa ba.

Yanzu darbejiyar ba ta nan, an yi ɗakuna a wurin. Kaka ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Gidajen kwamfuta masu gilashi da fitilu sun cika gari, yara na zuwa shagona da hotonsu a waya suna cewa irin wannan suke so. Ba na hana su, don na san yadda shuɗiyar fitilar nan ke shiga rai. Nakan dai ƙwanƙwasa gefen, in tambaye su ta ina zai sha iska, su yi ta dariya suna cewa ina abu kamar tsohuwa.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, amma rigar na cikin akwatina. Jiya da na koma gida na fiddo ta na shimfiɗa a cinya. Washegarin ranar da ta yanke ta, Kaka ta zauna ta daje bakin tagogin biyu da jan zare don kada su zare, idonta kuwa a lokacin ya fara rauni. Na bi ɗinkin da yatsa, ƙanana, a jere, ba inda ta tsallake. Duk rigar babu wurin da ta yi wa aiki mai kyau kamar inda ta yanke.