Malam Mu'azu, Mai Kai Turanci Kasuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, ina tsakiyar aji a Gusau, aka bugo mini waya cewa Malam Mu'azu Aliyu Bungudu ya amsa kiran Ubangijinsa bayan gajeriyar jinya. Da La'asar muka kai shi makwancinsa a Bungudu. Na dawo gida alli na cikin aljihuna, ban san lokacin da na sa shi ba.

Malam, kai ka koyar da ni insha'in Turanci a Tsafe, lokacin da kunnuwanmu ke ƙaiƙayi in aka ambaci metafo da simili. Mun iya haddarsu kamar karatun aku, amma a ce mu nuna su a cikin rubutu, sai ido. Rannan ka rufe littafi, ka ce kowa ya sa takalminsa. Ka kai mu bakin tasha, ka ce mu yi shiru mu saurari ɗan kamasho. Da ya ce motarsa iska ce, ka ce ga siffantawa, ita ce metafo. Da ya ce kujerunta kamar katifa, ka ce ga kamantawa, simili ke nan. Ashe abin da muke tsoro a takarda, shi muke ji tun muna goye.

Ba ka da haƙuri da rubutun da bai san inda ya dosa ba. Kakan ce gabatarwa sallama ce, wanda ya faɗo gida babu ita ba a ba shi tabarma. Kowane sakin layi kuma kaya ɗaya zai ɗauka, in ya ɗauki biyu sai ya zubar. Kana da faɗa, Malam, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ganin ka yi wa yaro dariya don ya karya Turanci ba.

Da ka yi ritaya ka zauna Gusau, ni kuma na zama malami, sai ka ce ajina ya zama naka duk Asabar. Ko kwabo ba ka karɓa ba. Ka riƙa jan 'yan ajin ƙarshe zuwa kasuwar Tudun Wada, wurin Inna Delu mai daddawa, wadda bakinta ba ya hutawa. Ita ce mai cewa in ta buɗe ƙwaryarta a Gusau, sai mutanen Tsafe sun ɗora tukunya. Kai kuwa ka juyo ka ce mana, to ga kambamawa, ku rubuta irinta da Turanci. Daga nan ka nuna yadda take jawo mai saye: ta fara da amanarta, ta taɓa zuciyarsa, sannan ta kawo hujja. Ni dai ina bayanka ina riƙe da jakarka, kai ke magana.

Abin da ya hana ni sukuni bayan rasuwarka shi ne yaran nan. Jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, insha'i kuma shi ne ramin da ke cinye su. Husna, wadda ta fi kowa ƙwazo a cikinsu, ta tambaye ni a gaban aji, "Malam, yanzu shi ke nan darasin Asabar ya mutu?" Na san ma'anar kalmomin nan duka, amma ban taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwa na tsinto su daga bakin mutane ba. Tsoro nake ji, kada in je in tsaya kamar gunki.

Asabar da ta wuce na cije na kai su. Niyyata mu yi wa Inna Delu gaisuwa mu juyo. Da ta gan mu babu kai sai ta share ido da gefen mayafinta. Ta jawo ɗan bencin da kake zama, ta kaɗe shi, ta dube ni.

"Zamna, ɗana. Mi za mu koya musu yau?"

Na ce, "Inna, ban san ta inda zan fara ba."

Ta ce, "Shi ma bai taɓa zuwa da sani ba. Saurare yake yi."

Sai ga mai saye ya tsaya. Inna ta ɗaga murya ta ce daddawarta kuka take yi, tun safe ba wanda ya kula ta. Kafin in buɗe baki, Husna ta ce, "Mutuntarwa! Ta mai da daddawa mutum!" Sauran suka duƙufa kan takardunsu. Ni kuwa ina zaune a kan bencinka hawaye na zuba, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Mu'azu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Saude da 'ya'yansa, Abubakar da Halimatu Sadiya, da dukkan dangi na Bungudu, da Inna Delu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Malam, Asabar mai zuwa ma za mu je.

Zaharaddeen Abdullahi Tsafe